Ƙarar Baba da Fatihar da Aka Shafa

Lokacin cirar gyaɗa ne aka je har gona aka tafi da Baba. Ni ina Gaya, inda nake aure kuma nake koyarwa a wata firamare, sai Inna ta kira ni a waya tana haki. Da ƙyar na tsinci zancen. Ƙanena, mai bi mini, ya yi faɗa da wani ɗan kamasho ranar kasuwar Ajingi, ya fasa masa baki, ya cika wandonsa da iska. Jami'ai sun zo gida ba su same shi ba, sai suka bi Baba gona suka sa shi a mota, ko ƙafarsa ba su bari ya wanke ba. Abin da suka gaya wa Inna shi ne, idan ɗan ya kawo kansa za a saki uban.

Kwana shida Baba ya yi a bayan kanta, a wani caji ofis da ba zan faɗi garinsa ba. Kullum ina zuwa da kwanon abinci, kullum ina tambayar laifinsa, amsar kuma ɗaya ce: "Hajiya, ki kawo mana yaronku." A rana ta biyar na samu ƙanen nawa a waya. Ban san iya abin da na gaya masa ba, na dai san maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Washegari ya kawo kansa, aka sasanta da dangin wanda ya daka, aka saki Baba.

A ƙauyenmu kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Aka yi ta shigowa jaje ana cewa Allah ya kiyaye gaba, ai haka hukuma take yi, in ba a kama uba ba yaushe ɗa zai fito. Har Inna ma haka ta ce. Ni kaɗai nake tafasa.

Sai wanda ya san Baba zai gane abin da aka yi masa. Ba mai kuɗi ba ne, ba shi da sarauta. Abin da yake da shi ɗaya ne, maganarsa. Duk yankinmu, har zuwa wajen Gafasa, idan aka yi rikicin iyakar gona shi ake kira, domin ya san inda kakan wane ya dasa gamba, ya san kukar da ta raba gonar su wane da ta su wane, kuma ba a taɓa kama shi da son kai ba. Bayan fitowarsa da 'yan watanni aka kira shi irin wannan shaida. Yana cikin nuna iyaka, sai wanda maganar ba ta yi wa daɗi ba ya ce, a gaban jama'a, "Yanzu wanda ya kwana a bayan kanta ne zai raba mana gona?"

Baba ya saɓa sandarsa ya dawo gida, daga ranar kuma ya daina fita. Masallaci sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fice. Ya bar zaman dandali, ya bar cin kasuwa. Kwanakin nan shida ma bai taɓa kiransu da sunansu ba, sai dai ya ce "lokacin da na yi tafiyar nan." Ina kallon mahaifina yana ƙanƙancewa a cikin gidansa, kuma wallahi abin ya fi tsarewar ci mini rai.

A rediyo na ji wata lauya tana bayani da Hausa cewa kama mutum a madadin wani ba ya cikin doka, kuma tsarin mulkin ƙasa ya ba kowa 'yancin kada a tsare shi sai da laifin kansa. Ta ce ƙungiyarsu tana kai irin wannan ƙara kyauta. Na rubuta lambar a bayan littafin darasi, ranar Asabar na hau mota zuwa Kano.

Ofishin nasu ɗaki biyu ne a saman wani shago, ko'ina takardu. Barista ba ta kai ni shekaru ba, 'yar siririya, ga sanyin murya, har na fara tunanin na yi asarar kuɗin mota. Ta saurare ni tsaf, sannan ta shiga jero tambayoyi. An taɓa kai Baba ƙara? Yana siyasa? Yana da abokin gaba? Akwai wanda ya ga an ɗauke shi? Yana da saurin fushi? Yana tsayawa a kan magana?

Na ce, "Barista, shari'a za ki yi masa ko aurensa za ki yi?"

Ta yi dariya har da dafa tebur. Sannan ta yi mini bayanin da ya zauna mini har yau. Ta ce su ba kowace ƙara suke ɗauka ba, don ba su da hannun da zai kai. Koke irin nawa yana zuwa musu da yawa, uwa a madadin ɗa, mata a madadin miji. Dokar tana nan a rubuce, amma ba a jin tsoronta, don ba kasafai ake samun wanda ya tsaya har alƙali ya faɗe ta da bakinsa ba. Saboda haka suna neman ƙara ɗaya mai tsabta, wadda babu inda za a kama a ce ai shi ma da nasa laifin. Idan babbar kotu ta yanke hukunci a kanta, sai su ɗauki hukuncin su riƙa shiga da shi duk inda aka sake yin haka. Ta ce dattijon da aka ɗauko daga gonarsa a gaban mutane, wanda ko kotun ƙauye bai taɓa shiga a matsayin wanda ake ƙara ba, shi suka daɗe suna nema.

"Amma Malama," in ji ta, "wahalarmu ba alƙali ba ne. Mutanenmu janyewa suke yi a tsakiyar hanya."

Na bugi ƙirji na ce Babana ba ya magana biyu. Gaskiya na faɗa, ban dai san ta inda gaskiyar za ta ɓullo mana ba.

Barista ta zo har ƙauye. Ta durƙusa ta gaishe da Baba a zaure, ta yi masa bayani a hankali. Da farko ya ƙi, ya ce talaka ba ya ja da hukuma. Ta ce ba ja za a yi ba, tambaya za a kai wa alƙali ya amsa. Baba ya ɗago ya dube ta.

"'Yata, za a rubuta cewa ban yi komai ba?"

"Abin da za mu roƙa ke nan, Baba. Ban yi maka alkawarin za a ba mu ba, amma ina da ƙarfin gwiwa."

Aka rubuta bayaninsa, aka karanta masa da Hausa, ya gyara wuri biyu, daga baya muka kai shi ya yi rantsuwa ya sa hannu da ajami. Mutum biyu da suke cirar gyaɗa tare da shi ranar su ma suka ba da nasu. Na koma Gaya ina jin kamar an riga an gama.

Takardar kotu tana isa wancan caji ofis, sai ga baƙi a zauren Baba, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Mai unguwa, da liman, da Kawu yayan Inna, da wani mutum mai babbar riga da ya ce yana magana ne da yawun jami'in da ya yi kamun. Ba na nan, Inna ce ta ba ni labari, don tana bayan ƙofa tana ji. An yi gaisuwa, an ajiye goro. Aka ce jami'in ya yi nadama, yana da iyali, ƙarar za ta iya taɓa aikinsa. Aka ce Baba dattijo ne, shi ake kira ya kashe wutar wasu. Aka haɗa shi da Allah. A wajenmu kuwa, manya huɗu ba sa tako ƙafa har zaurenka su roƙe ka abu ka dube su ka ce a'a. Baba ya ce, "Na yafe." Liman ya ɗaga hannu, aka karanta Fatiha, kowa ya shafa.

Da na iso washegari, Kawu na fara cin karo da shi a ƙofar gida, yana murmushi wai an kashe magana. Allah ya yafe mini, ranar na manta kawuna ne. Na ce, "Kawu, kwana shida yana kwance a siminti, sau nawa ka kai masa ko ruwa? Da ake ce masa ɗan bayan kanta a gaban mutane, ina rigarka take? Sai yanzu ka san hanyar zauren?" Ya ce boko ya ɓata ni. Inna ta janye ni ciki tana salati.

Na kira Barista ina huci. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Ya sa hannu a wata takarda?"

Na ce a'a.

"To ai babu komai, Malama. Maganar baki ce, kotu ba ta san da ita ba. Mu ci gaba."

A nan na gane duk iliminta akwai abin da ba ta sani ba. Na ce, "Barista, ke 'yar birni ce. Da takarda ya sa wa hannu, da sai in ce ki nemo dabarar warware ta. Fatiha aka shafa. A garinmu da ita ake ɗaura aure, da ita ake sayar da gona, kuma ba a komawa bayanta. Mutumin da kika zaɓa don ba ya magana biyu, to ga shi nan ya yi magana ɗaya."

Sai ta ce tana zuwa jibi.

Ta zo, kuma ta fara da kuskure. Ta ce wa Baba ai a doka wannan yafiya ba ta ɗaure shi ba. Na ga fuskarsa ta rufe. Ya ce, "'Yata, ni ta ɗaure ni. Abin da ake faɗa a kaina ya ishe ni, ba sai an ƙara da cewa na shafa Fatiha na tashi ba. Ki yi haƙuri, na wahalar da ke."

Ni har na fara kuka don takaici. Barista kuwa ba ta tashi ba. Ta buɗe jakarta ta fito da takardar ƙarar, ta ce tunda za a janye, bari ta karanta masa abin da zai janye, don ya san shi ɗaya bayan ɗaya. Abu uku aka roƙi kotu. Na farko, ta bayyana cewa kama mutum da tsare shi saboda laifin da ake zargin ɗansa ya saɓa wa tsarin mulki. Na biyu, a ba shi haƙuri a rubuce. Na uku, a biya shi diyya.

Baba ya ce ta maimaita na farkon. Ta maimaita.

"Na biyu da na uku nawa ne, na gane. Shi wannan na farkon, na wane ne?"

"Da sunanka za a yi, Baba, amma ba naka ba ne kai kaɗai. Duk wanda aka ɗauka a madadin ɗansa ko mijinta, da wannan za mu je mu fito da shi."

Baba ya tashi ya zura takalmi, ya ce mu jira shi. Ashe gidan liman ya nufa, ya sa aka kira mai unguwa da Kawu, mutanen da aka shafa Fatihar da su. Mu ma aka aiko muka je, muka zauna daga gefe. Baba ya ce yana da tambaya, kuma yana so a ba shi amsa a gaban kowa.

"Malam, ranar Juma'a na ce na yafe, kuma ina nan a kai. Abin da nake so in sani, mutum yana iya yafe haƙƙin da ba nasa ba?"

Liman mutumin kirki ne, ko da yake ranar Juma'ar na ji haushinsa. Ya ce a'a, haƙƙinka kake yafewa, na wani sai mai shi.

Baba ya ce, "To ku shaida. Kwanciyar da na yi, na yafe. Ba na son sisin kowa, ba na son a ba ni haƙuri, kuma ba na neman a taɓa aikin yaron nan da ya kama ni. Barista, ki cire waɗannan. Amma tambayar ko daidai ne a kama uba saboda ɗa, wannan ba tawa ba ce balle in yafe ta. Akwai ta mai unguwa a ciki, shi ma yana da 'ya'ya maza. A bar alƙali ya amsa."

Mai unguwa ya gyara zama, ya ce ai ba haka aka yi da mai babbar rigar nan ba. Liman ya ce shi dai abin da ya ji an yafe, an yafe, kuma bai ga inda Baba ya saɓa ba. Kawu ya kalle ni kamar ni na kitsa, alhali wallahi ko a mafarki ban hango wannan hanya ba.

Wadda ta fi kowa jin zafi Barista ce. A hanyar rakiya ta ce mini diyyar nan ita ce haƙoran ƙarar, don hukuma ta fi jin hukuncin da ya taɓa aljihu. Ta koma ta roƙi Baba ya bari a nemi ko kaɗan ne, ya ba masallaci in ba ya so. Ya ce ko ƙwandala. Sai ta ce to, za ta gyara takardun, ƙarar da ta rage haƙora ta fi wadda aka binne. Na ƙara ganin girmanta ranar, don ta san aikinta, kuma ta san ƙarar ta Baba ce kafin ta zama tasu.

Shari'ar ta ja. A ɗaga yau, a ɗaga gobe, wata rana lauyan ɗaya ɓangaren bai zo ba, wata rana alƙali yana wani aiki. Damina ta zo ta wuce. Mai unguwa ya rage amsa gaisuwarmu, Kawu ya daina shigowa gidan. Duk zaman da za a yi sai Baba ya sa farar rigarsa ta Idi mun bi motar Wudil zuwa Kano, ko da Barista ta ce ba dole ne ya zo ba. Ashe shiri yake yi. Ya tsara jawabin da zai yi wa alƙali tun daga kan gyaɗar da ya bari a ƙasa, yana bitarsa a gona shi kaɗai. Da ya ga ana ta zama ba a kira shi ba, sai ya tambaya. Barista ta ce irin wannan ƙara da takardun rantsuwa ake yinta, maganarsa tana gaban alƙali tun tuni. Baba ya ce, "Ikon Allah. Shari'ata ce, kuma ba za a ji muryata ba?" Ya yi kwana biyu yana fushi da ita.

Ranar hukunci alƙali ya yi ta karatu da Turanci. Ni ina tsintar abin da na iya, Baba yana zaune ƙiƙam yana kallon bakinsa. Da na ji inda aka dosa sai na kama hannun rigarsa, ya fizge, wai a kotu muke. A baranda Barista ta fassara masa. Kotu ta ce ba a zarge shi da komai ba, ba a kuma nuna ya aikata komai ba. Ta ce tsare shi don a matsa wa ɗansa ya fito ya keta 'yancin da tsarin mulki ya ba shi, kuma babu jami'in da doka ta ba ikon yin haka ga kowa. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tambayi inda ake alwala.

Ba zan ce daga ranar an daina kamun madadi ba, ƙarya ne. Amma ƙungiyar ta buga hukuncin da yawa, ta sa an mayar da shi Hausa, kuma na san gidajen da aka shiga da takardar nan aka fito musu da mutum tun kafin ya kwana. Ni kaina akwai kwafi a jakata, kuma na taɓa ajiye shi a kan wata kanta, na ga yadda fuska take sauyawa. Wannan hanya tana aiki, na gani da idona.

Daga kotun muka wuce tasha muka shiga ƙaramar bas mai zuwa Ajingi, a matse kamar kullum. Mun wuce Wudil ke nan wani dattijo da ke kusa da Baba ya dube shi ya ce, "Malam, wannan ado haka, ɗaurin aure aka je?"

Na buɗe baki zan rufa masa asiri in ce asibiti muka je. Baba ya riga ni.

"Kotu na je," in ji shi, da muryar da har direba sai da ya waiwayo. "An tsare ni kwana shida a bayan kanta saboda ɗana. Yau alƙali ya ce ban yi komai ba, su ne suka taka doka."

Sai ya ɗauko labarin tun daga gyaɗar da ya bari a ƙasa, duk jawabin nan da kotu ba ta ji ba, bai tsallake komai ba, har simintin da sauron. Wata mata a kujerar baya ta ce ita ma haka aka yi wa mijinta bara, kuma har yau ba ya son a tayar da zancen. Baba ya juya gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Ki gaya masa ba shi ne ya yi abin kunya ba. In bai yarda ba, ya zo ya same ni, kullum bayan la'asar ina dandali."

Sannan ya taɓo ni da gwiwar hannu ya ce in rubuta mata lambar Barista. Na rubuta, sai da na sake rubutawa, don hawaye ya ɓata ta farkon.